Da Sauƙi, In Ji Na'ura

Ruwa ake yi ranar da na sauka Ikko, irin ruwan nan nasu da ba ya sallama, ba hadari ba iska, sai dai ka ji shi a ka. Ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba, kowa yana cewa ƙasa za ta gyaru, ni ma na ɗauka har da ni za a gyara. Ina riƙe da jaka ɗaya, a cikin rigata kuma na naɗe takardar kiran aiki daga wani ƙaramin kamfani a unguwar Isolo, haɗe da digirina na nazarin halayyar ɗan Adam, wanda ya gaji da kwanciya a ƙarƙashin katifa a Malumfashi bai haifa mini ko allura ba.

Ina tsaye a tasha kamar an dasa ni, sai na ji an ce, "Ɗan'uwa, sannu da hanya, ina zuwa?" Wallahi sanyin da na ji a raina ba a magana. Hausa ce tsantsa, har da karin harshen Katsinawa. Na ce masa Agege, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. Ya ce ai hanyarmu ɗaya, ya karɓi jakata don ya sa mini a bayan danfo, wato ƙaramar bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ya ce in shiga in kama mana wuri. Na kama mana wuri kuwa. Har yau ina jiran sa. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kayan ba ne, a'a, da harshen uwata aka cuce ni, ni da aka yi ta ja wa kunne a gida cewa in yi hankali da Yarabawa.

Haka na isa Agege da rigar jikina, jiƙe sharkaf, na raɓe a barandar wani masallaci. A gefen masallacin akwai rumfar wani tsoho mai wankin hula, ya jera huluna a kan katako yana jiran rana ta leƙo. Ya daɗe yana kallona ta wutsiyar ido, sannan ya ce, "Kai yaro, ko dai an yi maka marhabin ne?" Na ce an yi. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ka biya kuɗin ƙofa ke nan. Taso ka sha koko."

Shi ne Baba Haladu, mutumin Ringim. Ya zo Ikko tun yana da baƙin gemu, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna aure a Arewa, shi kuwa ya ce ba zai koma ya zauna a zaure ana miƙo masa tuwo kamar maraya ba. Ɗakinsa ɗaya ne a bayan rumfar, ya shimfiɗa mini tabarma a gefe, ya ara mini riga da wando da suka yi mini yawa, ya ɗora mini wata zanna da mai ita bai dawo karɓa ba. Da su na je wurin aiki ranar farko. Ban taɓa jin ya ce ga ranar da zan tashi ba.

Kamfanin namu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Shugabanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya yi karatu a waje ya dawo da tallafin wasu Turawa don ya haɗa tsarin kwamfuta da zai taimaki ƙananan asibitoci. Ana gwada shi a wani asibitin unguwa a nan Agege, inda masu hawan jini da ciwon suga suke zuwa awo. Likita ɗaya ne, ba kuma kullum yake zuwa ba, marasa lafiya kuwa kamar ƙasa. Saboda haka kwamfuta ce take tace su. Nas za ta auna jini ta shigar, ta tambayi mutum yadda jikinsa yake tun zuwansa na baya, ta danna ɗaya daga cikin maɓallai uku. Ja, ka ga likita yau. Ruwan ɗorawa, ka jira ko layi zai kai kanka. Kore, ka karɓi maganinka na kullum ka tafi, na'ura ta ƙara maka nisan ranar dawowa.

Ni aikina kallo ne. Oga ya ce injiniyoyi sun san na'ura, amma ba su san mutumin da zai zauna a gabanta ba, shi ya sa ake neman irina. In zauna a kusurwa, in lura da inda yatsan nas yake kuskure, inda take tsaki, inda take tsallake tambaya, inda mara lafiya yake rikicewa, in rubuta in kawo. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma doka ɗaya ce. Kai ido ne, ba baki ba. Ranar da ka sa baki ka ɓata binciken."

Da na bayyana wa Baba Haladu, sai ya ajiye burushinsa ya ce, "Wato biyan ka ake yi ka zauna ka zuba wa mutane ido? Tabɗi! Ai da na san akwai wannan sana'a da ban lalata hannuna da sitaci ba." Daga ranar ya raɗa mini suna Mai Kallo, har masu shayi suka ɗauka.

Watannin farko na sha wuya. Abincinsu barkono, ruwansu gishiri-gishiri, sauronsu ba ya jin hayaƙi. Ga zaman ɗar-ɗar da ake yi a lokacin, yau ka ji an yi rikici a wata kasuwa, gobe ka ji an rufe hanya, mutanenmu suna tafiya suna waige. In na tuna tsakar gidanmu da la'asar, da ƙamshin daddawar Inna, sai in ji kamar in kama hanyar gida. Ba waya a hannun kowa a lokacin, sai dai ka ba direban motar albasa saƙon baki ka yi fatan zai tuna.

A asibiti kuwa na fara ganin abin da aka turo ni in gani. Na farko, wurin sa wuta ɗaya ne a ɗakin awo, yana jikin bango, wayar kwamfutar kuma gajera ce. Don haka aka jingina teburin da bango, nas tana fuskantar allo, mara lafiya yana zaune a bayan kafaɗarta. Za ta juyo ta ɗaura masa abin awo, ta juya ta ci gaba da tambaya tana kallon gilashi. Mu kuwa cewa muke yi labarin zuciya a tambayi fuska. To ga fuska, ga mai tambaya ta ba ta baya.

Na biyu shi ne ya hana ni sukuni. An rubuta amsoshin a kan maɓallan da Turanci da Yarabanci da Hausa, don nas ɗin da ba ta jin harshe ta gane abin da aka ce mata. Ban san wanda ya yi musu Hausar ba, kafin zuwana aka yi. A kan ja an sa "ya yi tsanani". A kan ruwan ɗorawa, "yana nan yadda yake". A kan kore, "da sauƙi".

Jama'a, wane Bahaushe ne za a ce masa yaya jiki ya ce ya yi tsanani? Mutum yana kan gargara, ka duƙa ka ce yaya jiki, da ragowar numfashinsa zai ce maka da sauƙi. Ba rahoto yake ba ka ba. Gaisuwa ka yi ya amsa, kuma ya gode wa Allah da bai sa abin ya fi haka ba. Ina zaune a kusurwata ina gani, Bayarabiya za ta shigo ta zayyana ciwonta tun daga ƙeya har tafin ƙafa, a danna mata ja. Tsohonmu zai shigo yana dafa bango, a ce "Baba, yaya jiki?" ya ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," a danna kore, ya karɓi ƙwayoyinsa ya fita yana dafa bangon da ya shigo da shi.

Babbar nas ɗin ɗakin, Sista Bose, mace ce mai faɗa amma mai tausayi, ita ce ma take raba mini burodinta in ta ga na yi zuru. Wata rana ta ce mini da Turancin kasuwa, "Mutanenku suna da ƙarfin jiki fa. Kusan dukansu warkewa suke yi." Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi.

Na rubuta komai na kai wa Oga a Isolo. Ya karanta, ya jinjina kai, ya ce wannan abu ne mai ban sha'awa ƙwarai. Ban sha'awa! Na ce, "Oga, mutane ne fa suke komawa gida ba su ga likita ba." Ya ce ya gane, amma masu ba da tallafi suna tafe, kuma abin da ya fi burge su shi ne yawan koren da ake samu. In aka taɓa tambayar yanzu, alƙaluman baya da na gaba ba za su haɗu ba. A bari a gama wannan zango, a gyara a na gaba. Na ce to a juya teburin mana. Ya ce zai sa a sayo doguwar waya. Har na bar aiki a ɗakin awon nan ban ga wayar ba.

Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa zama a kan bencin jira ba.

Baba Haladu yana cikin masu zuwa awon hawan jini a asibitin, tun kafin in san shi. Yana alfahari da katinsa, yana cewa na'urar su Mai Kallo ta ce shi garau yake, har ta daina son ganinsa sosai. Ni kuwa da muke ɗaki ɗaya na fara lura da wasu abubuwa. Ya daina bugun hula da kansa, sai ya ce kafaɗa ce. In ya ɗebo ruwa daga famfo sai ya tsaya a hanya kamar yana duba wani abu a ƙasa. Ƙailularsa ta koma a zaune, ya jingina da bango, wai kwanciya tana sa shi tari. Ranar wata Juma'a na ga yana fama da takalminsa na fata, ya tura ƙafa ta ƙi shiga, ya waiga ya ga ina kallo, ya saki babbar riga ta rufe. Amma na riga na gani. Ƙafar ta kumbura tana sheƙi.

Na ce, "Baba, wannan ƙafar fa?"

Ya ce, "Zama ne. Kai dai kallo ya zame maka ciwo."

"Baba, don Allah ranar awonka in an tambaye ka, ka ce ƙafarka ta kumbura, ka ce ba ka iya kwanciya. Kada ka ce da sauƙi. In ka ce da sauƙi ba za ka ga likita ba, haka aka gina abin."

Ya yi murmushi ya ce, "To, na ji, likita bokan Turai."

Ban yarda da wannan to ɗin ba. Na karya dokar Oga, na sami Sista Bose na bayyana mata komai, na ce da sauƙi a bakinmu ba ta nufin an samu sauƙi. Ta dafe ƙirji ta kira sunan Yesu, ta ce duk watannin nan? Na ce duk. Na kwatanta mata Baba, ta ce ta san shi, mai kawo mata goro, ta yi alkawari ranar da ya zo, da hannunta za ta kai shi gaban likita. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ana haka Oga ya tura ni Ikorodu, can gefen Ikko, inda za a kafa tsarin a wani asibiti na biyu kafin baƙi su iso. Ya ce 'yan kwanaki ne. Kwanaki suka zama makonni. A wani ɗakin ajiya nake kwana tare da kwalaye, ba wanda na sani, ba mai jin Hausa sai wani mai gadi ɗan kudancin Kaduna, Allah ya saka masa, shi yake raba tuwon masararsa da ni. Can ma na tarar an jingina tebur da bango. Ranar awon Baba ta zo ta wuce ina can, ba hanyar da zan ji labari.

Da na dawo Agege, tun daga nesa na ga rumfar ba hula ko ɗaya a kan katako. Na same shi a ɗaki a zaune, an tara masa matasai a baya, fuskarsa ta cika, leɓɓansa sun yi duhu, yana jan numfashi kamar mai hawa tudu.

Na ce, "Baba, ba ka je awo ba?"

Ya ce ya je. Ya nuna mini katin da haɓa. An ba shi maganinsa na kullum, an tura ranar dawowarsa can gaba. Ashe ranar an tashi da tarzoma a hanyar su Sista Bose, motoci ba su fito ba, wata sabuwar nas ce ta zauna a kujerar. Awon jininsa kuma ya nuna ya sauka, har ta yaba masa.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce, "Haba Baba! Ban roƙe ka ba? Ban ce kada ka ce da sauƙi ba?"

Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, "Na yi niyya, Mai Kallo. Wallahi da niyyata na shiga. To yarinya ce sa'ar jikata, ta ba ni baya, ga mutane cike a bakin ƙofa suna ji. Ta ce yaya jiki. In ce mata me? In kai ƙarar Ubangijina wurin ƙeyar yarinya?" Ya yi tari. "Kuma ai ban yi ƙarya ba. Na ga wanda aka shigo da shi a kan baro."

Na fita na samo mai tasi, ni da mai shayin ƙofar masallaci muka ɗauke shi. A asibiti ban bi layi ba, ban bi ta kan na'ura ba, na tura ƙofar likita ina ɗaga murya kamar mahaukaci, ni da aka ce ido ne ba baki ba. Likitan ya taso zai yi faɗa, ya ga Baba, ya fasa. Ya danna yatsa a ƙafarsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya saurari ƙirjinsa, ya dubi katin, ya ce, "Wannan mutumin yaushe rabon da in gan shi?" Ya ce saukar jinin nan ba sauƙi ba ne, zuciyar ce ta gaji har ta kasa turawa, ruwa ya taru a huhu. Da an kawo shi tun ƙafar tana fara kumbura, da akwai abin yi da yawa. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti.

Mun je. Sun yi abin da za su iya, ba zan ɗora musu ba. Aka sa masa robar iska a hanci, aka yi ta allurai. Ina zaune a gefen gadon da safe ya buɗe ido, sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, yaya jiki?" Ni da kaina, bayan duk wannan. Ya dube ni, idonsa ya yi wannan ƙyallin na tsokana, ya motsa leɓe. Ban ji sautin ba, amma na san abin da ya ce. Kafin azahar ya cika.

A maƙabartar Agege muka kai shi. Na ba direban motar albasa saƙo zuwa Ringim. Masu huluna suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayansu, wasu an wanke, wasu ba a kai ga wankewa ba. Mai zannar da ke kaina bai zo ba har yau.

An gyara tambayar daga baya, a zango na gaba, kamar yadda Oga ya yi alkawari. Ya je wani taro a ƙasar waje ya gabatar da batun, aka tafa masa, na ga sunana a ƙasan shafi cikin waɗanda aka gode wa. Ban yi jayayya ba, ba ni da ƙarfinta a lokacin. Na zauna a wannan fanni, na ƙara karatu, shi nake ci har yau. Duk tsarin da aka kawo mini in duba, ba na barin a tambayi mutum yaya jiki a ba shi maki a kai. Sai dai a ce, jiya a kwance ka yi barci ko a zaune? Takalminka yana shiga? Kuma kafin in kalli allo sai na duba inda kujerar nas take fuskanta. Ɗalibaina suna ganin tsufa ne ya sa nake nacewa a kan batun tebur da waya.

Amma kafin a yi wancan gyara, ina nan a kusurwata a Agege ranar da na'ura ta sa wa Baba ta cika. Da safe Sista Bose ta kunna kwamfuta, sunayen masu zuwa ranar suka fito, ga nasa a ciki da ɗigon kore a gefe. Har aka tashi sunan yana nan yana ƙiftawa, domin haka aka gina abin, ba ya rufe aikin yini sai an amsa tambayar kowa. Ta nemi inda za ta shigar cewa ya rasu, ta duba sama ta duba ƙasa, babu. Waɗanda suka gina shi ba su kawo mutuwa a lissafi ba. Maɓallan nan uku ne kawai.

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, karon farko da na ga ta ba allon baya, hawaye yana zuba a fuskarta. Ta ce, "Mai Kallo, wanne zan danna?"

Na dubi ja, na dubi ruwan ɗorawa. Na tuna yadda yake jan numfashi a jingine da matasai.

Na ce, "Danna kore, Sista. Yau kam da sauƙi."